Fatalwar Rahere da sauran labaran cocin St Bartholomew na Landan: wanne ke da tushe, wanne za a iya aunawa?

Ummin_Karatu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata a kan tsohon cocin nan ne na unguwar Smithfield a Landan, St Bartholomew the Great. Duk inda aka jera wuraren da ake cewa fatalwa na yawo a birnin sai an sako shi. Ana cewa wanda ya kafa cocin yana fitowa neman takalminsa da aka sace, ana jin takun ƙafa ba a ga mai tafiya ba, akwai gunkin dutse mai zubar da hawaye, har da ƙaurin ƙonewar nama a bakin ƙofa da dare. Wanne daga ciki ke da asali a rubuce? Kuma wanda yake son ya bincika da gaske, ba yawon ban tsoro ba, me zai auna, da wane kayan aiki?

Baba_Kundi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Fara raba abin gida biyu: tarihin ginin, wanda yake a rubuce da shekarunsa, da labarin fatalwar, wanda ya zo daga baya ƙwarai.

Rahere, wanda ya kafa cocin, bafaden Sarki Henry na ɗaya ne. Ya je ziyarar ibada Roma, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya yi alwashin idan ya tashi zai gina wa talakawa asibiti. A 1123 ya kafa asibitin da gidan ibadar tare, kuma asibitin St Bartholomew na nan yana aiki har yau a gefen cocin. Littafin kafuwar gidan, wanda wani ɗan gidan ya rubuta wajen 1180, shi ya kawo mafarkin da Rahere ya yi, inda wata dabba mai fukafukai ta ɗauke shi ta rataye bisa wani rami mai zurfi, sannan waliyyi Bartalamawas, wato St Bartholomew, ya bayyana ya umarce shi da yin gini a Smithfield. Littafin cike yake da labaran warkar da marasa lafiya da abubuwan al'ajabi. Nan ne asalin shaharar wurin da abin mamaki, amma mafarki da warkarwa daban, mamaci ya tashi yana yawo daban.

Kabarin da ake gani yanzu a arewa da bagadi ba na zamaninsa ba ne. An sassaƙa shi wajen 1400, fiye da shekara 250 bayan rasuwarsa, an kwantar da siffarsa sanye da baƙar rigar 'yan ɗariƙar Agustin. Riƙe wannan, domin masu cewa sun ga fatalwar kusan kullum mutum mai baƙar riga da hula haɗe suke kwatantawa, wato dai hoton da suka gama kallo a kan kabarin minti biyar da suka wuce.

Batun takalmi yana da ƙwayar gaskiya. Lokacin gyaran cocin a shekarun 1860 an buɗe kabarin, an tarar da ƙasusuwa da takalmin fata, wani daga cikin ma'aikata ya yi gaba da ɓangaren takalmin, daga baya aka dawo da shi. Abin da aka ɗora a kai shi ne cewa mamacin ya fusata, yana ɗingishi yana nema, har masu zagayawa da baƙi da dare suka yanka masa rana da lokaci: 1 ga Yuli, ƙarfe 7 na safe. Fatalwar da ke da ajanda irin wannan, a ganina, ta masu sayar da tikiti ce. Akwai kuma labarin wani mai wa'azi da ake cewa an gani a kan mumbari yana ta nuni da hannu ba a jin muryarsa, ana danganta ganin da wani limamin cocin na farkon ƙarni na 20.

Wani abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne abin da ginin ya zama a tsakani. An rushe gidan ibadar a 1539 zamanin Henry na takwas, an rusa babban zauren jama'a a 1543, abin da ya rage yau ɓangaren gabas ne. Sauran sassan suka koma hannun masu sana'a. Ɗakin ibada na ƙurya ya zama maɗaba'a, inda Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya yi aikin jera haruffa a 1725, daga baya ya zama masana'antar geza. Reshen arewa ya zama maƙera, har yau baƙin hayaƙi na jikin duwatsun. Sai daga 1886, ƙarƙashin magini Aston Webb, aka riƙa karɓo waɗannan sassa ana mayar da su. Ginin da aka yi shekara da shekaru ana bugun ƙarfe a gefe guda, injin na ruri a ɗaya gefen, ba ya bukatar mamaci kafin a ji motsi a bayan bango.

Ƙaurin nama kuwa, kisan gaskiya ne: a filin da ke gaban ƙofar aka kashe jagoran yaƙin Scotland William Wallace a 1305, aka kashe jagoran boren talakawa Wat Tyler a 1381, aka ƙone mai wa'azi John Rogers ranar 4 ga Fabrairu 1555, shi ne farkon waɗanda aka ƙone zamanin Sarauniya Mary. Amma tsallaken filin babbar kasuwar nama ce, gininta na 1868, kuma cinikinta na dare ne zuwa asuba. Wanda ya shaƙi warin nama a Smithfield ƙarfe uku na dare, hancinsa lafiya lau.

Injiniya_Magini ya amsa:

Baba ya gama da tarihi, bari in kama ginin. Gunkin mai hawaye shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi koyar da yadda ake bin sauran.

Siffar kai da ƙirji ce ta Edward Cooke, wanda ya rasu a 1652, a jikin bangon kudu, kuma rubutun da ke ƙasanta ma yana kiran mai wucewa ya ga dutse na kuka. Kukan raɓa ce. Dutsen mabul mai santsi da ke manne da bango mai kauri yana daɗewa da sanyi bayan iskar ɗakin ta ɗumama. Idan iskar tana digiri 15, laimarta kashi 80 cikin ɗari, raɓa za ta sauka a kan duk abin da sanyinsa ya kai ƙasa da digiri 11 da rabi ko kusa da haka. Daidai yake da gumin da kofin ruwan ƙanƙara ke yi. Dutsen bango mai ƙofofi yana shanye nasa ruwan, mabul ba ya sha, sai ya taru a kwarmin ido ya gangaro kumatu. Tun da aka kafa hita a ƙarƙashinsa dutsen ya daina kuka. Mai son tabbatarwa a kowane coci ya manna ma'aunin zafi a jikin dutsen, ya rataya ma'aunin laima a iska kamar taku ɗaya daga wurin, ya lissafa. Ruwan zai fi fitowa a rana mai ɗumi da laima bayan kwanakin sanyi, ko bayan taro ya cika ɗakin da numfashi da jiƙaƙƙun riguna.

Ƙwanƙwasa iri uku ce, kowace da alamarta. Ta farko bututun ruwan zafi. Ƙarfe yana ƙara tsawo kamar milimita 0.012 a kowace mita kan kowane digiri. Bututu mai mita 20 da ya tashi daga digiri 10 zuwa 70 zai ƙara sama da milimita 14, na jan ƙarfe kuma kamar 20. Ba ya zamewa a hankali, maƙalinsa na riƙe shi har ƙarfin ya taru, sai ya fizge da "ƙas", kuma sautin na bin bututun ya fito a wani lungu mai nisa. Alamarsa ita ce yana farawa bayan an kunna tukunyar ɗumama ko an kashe ta, da sauri da farko, sannan tazarar na ƙara faɗi har ya mutu. Wannan raguwar ce kunne ke ɗauka takun mutum mai nisantawa. Ta biyu katakon rufi da kujeru, da darmar da ake rufe saman tsofaffin coci da ita, suna takurewa bayan faɗuwar rana. Ta uku wani ƙwaro mai cin tsohon itacen ok mai danshi, wanda ke buga kansa a jikin katako don kiran mace, bugu huɗu zuwa goma sha ɗaya a jere da sauri, ya ɗan huta, ya sake. Daga Afrilu zuwa Yuni ake jin sa, an fi ji cikin shirun dare, shi ya sa Turawan zamanin da, masu zaman jinya, suka ɗauke shi alamar ajali. A duba katakon: ramuka masu faɗin milimita 3 da gari mai tsakuwa-tsakuwa a ƙasa. Idan an ga haka, maganar ta tashi daga fatalwa ta koma kuɗin gyaran rufi, wanda ya fi ban tsoro.

Sanyin da ke bugun ƙeya kuwa daga tagogin sama yake saukowa. Iskar da ta taɓa gilashi mai sanyi tana yin nauyi ta zubo bin bango, ta malala a ƙasa, kuma daben wannan cocin ƙasa yake da titi, sai an sauko matakala. Fatar mutum na jin iskar da gudunta bai wuce santimita 20 a daƙiƙa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da ma'aunin nan mai kama da bindiga mai jan haske. Ba iska yake aunawa ba, zafin abin da aka nuna yake karantawa, don haka hannu na ɗan gocewa daga katako zuwa taga sai a ga digiri biyar sun faɗi, a yi ta salati. Abin da ya dace shi ne ƙananan ma'aunai masu adana bayani, a sa su ɗauka kowane minti ɗaya, a tsayin santimita 10, mita 1.1 da mita 1.7. Kafin a rarraba su a tara su wuri ɗaya kwana guda, domin masu arha kan saɓa da juna da rabin digiri, kuma wannan saɓanin kaɗai ya isa ƙirƙiro "wuri mai sanyi".

Abu na ƙarshe ba wasa ba ne. Idan mutane da dama na kukan ciwon kai, jiri, jin an danne ƙirji da ganin giftawa a ɗaki ɗaya, musamman na ƙarƙashin ƙasa ko kusa da tukunyar gas, a fitar da kowa a auna iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari ko launi. Tun 1921 likitan ido William Wilmer ya buga labarin wani iyali a Amurka da suka riƙa jin taku da ganin mutane a gidansu, ashe murhun ɗumama gidan ne ya lalace. Ƙararrawar gida ta ƙa'idar Turai ba ta kuka a kashi 50 cikin miliyan sai bayan minti 60 zuwa 90, saboda haka mai bincike ya nemi mai nuna lamba a fuska.

Dan_Sauti ya amsa:

Ƙari kan na Injiniya, ta fuskar sauti. Bayan bagadin wannan cocin akwai hanya mai lanƙwasa kamar rabin zobe, da manyan ginshiƙai da rufin dutse. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan wanda ya dawo daga bango ya yi tafiyar da ta fi ta kai tsaye da mita 17, zai makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, kuma daga nan kunne ke fara raba su biyu. Mai tafiya shi kaɗai da takalmi mai tauri sai ya ji wani na bin sa, ya tsaya, na bayan ya ƙara taku ɗaya ya tsaya. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a sake bin hanyar da takalmin roba.

Don gano inda ƙara ke fitowa, a ajiye rikoda biyu nesa da juna, a tsaya daidai tsakiyarsu a tafa hannu sau ɗaya don daidaita lokaci. Duk bambancin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tsakanin su biyun santimita 34 ne. A kashe tsarin da ke ƙara murya da kansa, domin idan wuri ya yi tsit yana ɗaga shuuu ɗin na'urar har ya yi kama da raɗa. A ɗauka a WAV, tsarin fayil ɗin da ba ya matse sauti, ba MP3 ba, matsewar MP3 na juya irin wannan shuuu ɗin ya koma kamar gunagunin mutum.

Sai sautin da ya yi ƙasa da abin da kunne ke ji, ƙasa da haz 20 (haz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya). Injiniya Vic Tandy ya buga bayani a 1998 kan wani ɗakin aiki da ma'aikata ke jin tsoro da ganin inuwa a gefen ido, ya gano fankar fitar da iska ce ke samar da haz 19, ɗakin kuma tsawonsa ya yi daidai da rabin zangon sautin, kamar mita 9. A coci, bututun ogan, babban abin kiɗan coci, mai tsawon ƙafa 32 yana ba da kusan haz 16, mai ƙafa 16 kuma haz 32. A Smithfield ga jiragen ƙasa na bi ta ƙarƙashin kasuwa tsakanin tashoshin Farringdon da Barbican, ga manyan motocin nama da injin sanyinsu a kunne duk dare. Waya ba za ta auna wannan ba, makirfon ɗinta na yanke ƙananan sautuka tun kafin a kai nan. Sai makirfon na awo, ko na'urar jin girgizar ƙasa mai haz 4.5 a ɗora ta kan daɓe.

Hajiya_Mai_Hoto ta amsa:

Ɗan'uwa Dan_Sauti, lissafin amsa-kuwwa na yarda da shi, amma maganar haz 19 an fi ƙarfinta da yayatawa. Gaskiya ne a 2003 an yi gwaji a wani zauren kiɗa a Landan, aka saka haz 17 a ɓoye cikin wasu waƙoƙi, kamar kashi 22 cikin ɗari na masu sauraro suka ce sun ji wani iri. Amma masanin halayyar ɗan Adam Chris French da abokan aikinsa sun gina ɗaki musamman, suka riƙa kunna irin wannan sauti da maganaɗisu suna kashewa, sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna abin da mutane suka ji bai bi kunnawa ko kashewar ba, ya fi bin halin mutumin. Kafin nan, a 1997, masu bincike Lange da Houran sun zagaya da mutum 22 wani gidan kallo, rabi aka ce musu akwai fatalwa, rabi aka ce gyara ake yi, na farkon suka fi ba da rahoton abin mamaki. Abin da aka faɗa wa mutum a bakin ƙofa ya fi fanka tasiri.

Hotuna kuwa a taƙaice. Farin ƙwallon nan da ke fitowa a hoto ƙura ce da ke 'yan santimita daga idon kyamara, filasha ta haske ta, ba ta cikin saiti, sai ta zama da'ira. A raba filasha da kyamara da tsawon hannu ɗaya, za ta ɓace. Mutumin da ake hango bango ta jikinsa kuma, a cikin coci mai duhu kyamara na barin ido buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda ya gifta zai fito rabi-rabi, ƙafar da ta fi motsi ta ɓace gaba ɗaya, sai ga shi yana shawagi. Tsarin dare na waya ya fi muni, hotuna da yawa yake haɗawa ya zama ɗaya. A nemi asalin fayil ɗin a duba tsawon buɗewar, wanda ya bi ta WhatsApp an riga an goge masa wannan bayanin. Na'urar nan mai fitilu da masu neman fatalwa ke yawo da ita, da ke auna maganaɗisun lantarki kuma don wayoyin wutar gida aka yi ta, waya ko rediyon hannu a aljihun na kusa ya isa ya kunna ta.

Ummin_Karatu ta rubuta:

Allah ya ƙara sani. To Baba, idan an cire bututu da ƙwaro da ƙura, mutum kuma ya dage ya gani da idonsa, ko ana zargin da hannun wani, ya ake yi?

Baba_Kundi ya amsa:

An taɓa yin irin wannan shari'ar tafiyar 'yan mintuna daga cocin, a lungun Cock Lane, a 1762. Richard Parsons, ma'aikacin cocin St Sepulchre, ya ci bashin ɗan hayarsa William Kent, suka ɓata har gaban alƙali. Matar da Kent ke zaune da ita, Fanny Lynes, ta mutu da agana a 1760. Sai aka fara jin karta da ƙwanƙwasa a gadon 'yar Parsons, bugu ɗaya na nufin i, biyu a'a, wai Fanny ce ke cewa Kent ya ba ta guba. Landan ta ɗauka, lungun ya cika maƙil.

Dubi matakan da kwamitin bincike ya bi, wanda marubuci Samuel Johnson ke ciki, domin har yau su ne. Sun ɗauke yarinyar daga gidan ubanta zuwa wani gida. Sun sa a fito da hannuwanta waje, ƙarar ta tsaya. Sun riƙe fatalwar a kan alƙawarin da ta yi na buga akwatin gawar Fanny a ƙarƙashin cocin St John na Clerkenwell, suka sauka daren 1 ga Fabrairu, ba a ji komai ba. Daga baya aka leƙa aka ga yarinyar na ɓoye ɗan katako mai kamar santimita 15 da 10 a rigarta. A watan Yuli kotu ta kama Parsons da laifin haɗa baki, aka ɗaure shi shekara biyu, aka sa shi a turu a bainar jama'a sau uku.

Ga shaida mai gaskiya kuwa, a ji ta bakinsa shi kaɗai, a ranar, kafin ya zauna da sauran. Kada a ce "ka ga mai baƙar riga?", a ce "faɗa min abin da ka gani". A rubuta inda ya tsaya, ina ya fuskanta, daƙiƙa nawa abin ya ɗauka, a tsakiyar ido ne ko a gefe, kuma ya san labarin Rahere kafin ya shigo ko bai sani ba. Sannan a koma wurin a lokaci irin wannan, da haske irin wannan, a tsayar da mutum a inda aka ce an ga abin. A tambayi ofishin cocin wa ke da mabuɗi ranar, domin masu hidimar coci da mawaƙa da dogayen baƙaƙen riguna suke yawo, akwai kuma baranda a sama da tagar da shugaban gidan, Bolton, ya fitar a farkon ƙarni na 16 mai kallon bagadi.

Don bin asalin labari, a fara daga sabon bugu a riƙa komawa baya har a kai wanda ba shi da na gabansa. Tarihin cocin mai juzu'i biyu na E. A. Webb, na 1921, shi ne madogara kan gyare-gyare da buɗe kabarin, tsofaffin jaridu kuma suna cikin British Newspaper Archive. Duk wani awo a cikin ginin sai da izinin limamin cocin a rubuce, wurin ibada ne da ake amfani da shi kullum, kuma ba a manna komai a jikin kabari ko gunki da salatif, gam ɗinsa na barin tabo a dutse.